Gwarar Da Ta Sha Harbi: Yadda Rashawa, Turawa Da Hausawa Ke Kiran Mai Wayo

A Bobi, cikin ƙasar Kontagora, inda makiyayar nan ta gwamnati take, tsohon dillali yakan dubi sa sau ɗaya tak ya yanka masa kuɗi, bai ko taɓa shi ba. In baƙo ya yi mamaki, sai a ce masa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mutanen Rasha ma suna da irin wannan dattijo, sai dai sunayen da suke ba shi dabam ne.

Su suna kiransa gwarar da ta sha harbi, watau tsuntsun da maharba suka nema suka rasa. Suna cewa ba a yaudarar tsohuwar gwara da ƙaiƙayi. A nan bakinsu ya zo ɗaya da na Turawan Ingila, waɗanda ke cewa ba a kama tsohon tsuntsu da ƙaiƙayi. Manomin da ya taɓa sheƙe dawa ba ya bukatar bayani. Kazalika sukan kira shi burodin da ya sha murza, Bature kuwa ya ce ba jiya aka haife shi ba. Bahaushe ya fi su taƙaitawa: ya ga jiya, ya ga yau. Duka ukun ba su ɗauki wayo kyauta ba, wuya ce take saye shi.

Hangen nesa kuwa wani abu ne dabam. Barashe yakan ce wane yana ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa har awo uku na awonsu na da, fiye da mita 2 ke nan. Shi ƙasa yake duba. Bahaushe sama ya nufa, da ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Wannan ba zancen nishaɗi kaɗai ba ne. A shekarar 1963 aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko, a ƙarƙashin Shehun malami Dmitri Olderogge na Leningirad, kuma Rediyon Mosko ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye da Hausa. Ƙamus yana ba da kalma, amma tafinta ne ke ɗaukar nauyin ma'ana, nan kuwa ake tuntuɓe.

Misali, in Barashe zai yabi gwani a sana'arsa, cewa yake ya cinye kare a kanta. Bature ya ce mutumin ya san albasarsa, abin da sai dai ya ba Bahaushe dariya. Amma ta karen ba ta dariya ba ce. Tafintan da ya juya ta kalma da kalma a gaban dillalin Bobi ya kashe cinikin ranar, wataƙila ma sai an kai ga mai unguwa.