Zunubin Gado da Hukuncin Jarirai a Wurin Malaman Kirista

Jaririn da ya mutu kwana uku bayan haihuwa bai yi ƙarya ba, bai ci amanar kowa ba, bai ma san hannunsa na dama da na hagu ba. To, da wane hali zai tsaya gaban Ubangiji? Wannan tambaya ta raba kawunan malaman Kirista fiye da shekara 1,500, kuma ba gardamar zaure ba ce kurum, domin amsar da aka bayar ita ce ta yanke ko za a yi wa jariri baftisma, da inda za a binne shi, da kuma abin da za a gaya wa uwarsa.

Kafin a shiga tarihi ya kamata a rarrabe kalmomi. Kalmar zunubi aro ce daga Larabci, inda take jam'i, amma Hausa ta mai da ita tilo. A bakin Bahaushe zunubi abu ne da mutum ya aikata da kansa, alhakinsa kuwa yana wuyansa, watau kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma Bahaushen nan shi ne kuma ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saboda haka in an ce zunubin gado, abu biyu ake iya nufi: ko gadon hali mai karkata zuwa ga mugunta, ko kuwa gadon alhakin laifin da Adamu ya yi. Kusan dukan ɗariƙun Kirista sun yarda da na fari. Na biyun ne ya kawo rigima.

Tushen maganar yana cikin wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, sura 5, aya 12, inda ya bayyana cewa ta hanyar mutum guda zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi, har ta game kowa. Akan haɗa wannan da Zabura 51, inda Dawuda ya kai asalin zunubinsa tun cikin uwa. Masu musu kuma sukan kawo Ezekiyel sura 18, wadda ta hana a ɗora wa ɗa laifin ubansa.

A Afirka ta Arewa ne koyarwar ta yi ƙarfi. Tun wajen shekara ta 253 Sifiriyan, bishof na Kartaj, ya rubuta cewa kada a jinkirta baftismar jariri har kwana na takwas, tun da yake ya ɗauko cutar mutuwa daga Adamu. Amma wanda ya gina koyarwar sosai shi ne Agustin (354–430), bishof na Hifo, garin da ake kira Annaba yanzu a Aljeriya. Abokin gardamarsa Felajiyus, wani malami mai zuhudu daga Ingila ta zamanin Rumawa, ya tafi a kan cewa kowane jariri ana haifarsa da tsarki, abin da Adamu ya bar wa zuriyarsa kuwa mugun misali ne kawai. Tsoron Felajiyus shi ne kada mutane su fake da gado su daina ƙoƙari. Agustin ya amsa masa da abin da kowa ke gani da ido: uwaye suna sheƙawa coci a guje da jarirai masu jinya don a yi musu baftisma, baftisma kuwa ta gafarar zunubi ce. In babu zunubi, me ake wankewa? Ya kuma ba da labarin wani jinjiri da ya gani, bai iya magana ba tukuna, amma fuskarsa ta sake don kishin ɗan'uwansa da ke shan nono tare da shi. A ganinsa raunin gaɓoɓi ne ya hana jariri cutarwa, ba tsarkin zuciya ba.

Daga nan ya kai ga hukunci mai nauyi, cewa jaririn da ya mutu ba baftisma ya hallaka, ko da yake azabarsa ita ce mafi sauƙi duka. Taron bishof-bishof na Kartaj a 418 ya tabbatar da koyarwar zunubin gado, ya la'anci ta Felajiyus. Sai dai a yi wa Agustin adalci: abin ya dame shi. A 415 ya rubuta wa Jerom doguwar wasiƙa yana tambayar yadda ruhun da Allah ya halitta sabo zai ɗauki laifin da bai yi ba, har ya rasu kuwa bai yanke maganar asalin ruhi ba.

Akwai wani abu a nan da ya kamata masu nazarin harshe su lura da shi. Agustin bai ƙware a Girkanci ba, da fassarar Latin yake aiki. A ƙarshen ayar Bulus ɗin nan akwai kalmomi biyu na Girkanci, eph' hō, waɗanda aka juya zuwa Latin da in quo, watau a cikinsa. Da wannan Agustin ya fahimci cewa dukan mutane sun yi zunubi a cikin Adamu, kamar yadda dukan kuka take cikin ƙwayarta. Galibin masana Girkanci na yau kuwa suna karanta kalmomin da ma'anar saboda, watau mutuwa ta game kowa domin kowa ya yi zunubi. Kuskure ne a ce koyarwar duka a kan wannan fassara ta tsaya, gama Agustin yana da waɗansu hujjoji. Amma ba shakka ita ta ba shi aya da zai nuna da yatsa. Malaman Gabas, masu karanta Bulus a harshensa, ba su bi wannan hanya ba. Yohana Kirisostom, wanda ya rasu a 407, ya ce ana yi wa jarirai baftisma ko da yake ba su da zunubai na kansu, don su sami tsarki da zama 'ya'yan Allah. Har yau cocin Otodoks tana koyar da gadon mutuwa da lalacewar hali, ba gadon alhaki ba.

Ko a Yamma ma zukata ba su jure hukuncin Agustin ba. A 1201 Paparoma Inosan na Uku ya rubuta cewa horon zunubin gado shi ne rashin ganin Allah, azabar wuta kuwa ta zunubin da aka aikata ce. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ƙara da cewa waɗannan jarirai suna cikin jin daɗi irin na halitta, ba su san abin da suka rasa ba. Aka kira mazauninsu Limbo, daga kalmar Latin mai ma'anar gefe ko lafin tufa. Ba a taɓa mai da wannan aƙida ta tilas ba, amma ta shiga rayuwar talakawa ƙwarai. A Ayalan an daɗe ana binne irin waɗannan jarirai a makwantai na dabam, waje da maƙabartar coci. A 2007 kwamitin malaman tauhidi na Fadar Paparoma ya fitar da takarda, da yardar Benedik na 16, cewa akwai ƙwararan dalilai na sa rai da ceton su. Sa rai suka ce, ba su ce tabbas ba.

Masu gyaran addini na ƙarni na 16 sun rabu su ma. Luta da Kalbin sun riƙe Agustin a kan lalacewar ɗan Adam, suka ci gaba da baftismar jarirai. Aƙidar Wesminista ta 1646 ta ce zaɓaɓɓun jarirai da suka mutu da ƙuruciya sun tsira, ta yi shiru a kan sauran. Wannan shiru ya dami mabiyanta har cocin Firesbiteriya ta arewacin Amurka ta bayyana a 1903 cewa dukan waɗanda suka mutu suna jarirai suna cikin zaɓaɓɓu. Amma a Zurik, a 1525, waɗansu suka ƙi baftismar jarirai ɗungum, suka ce sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa. Hukumar garin ta nutsar da ɗaya daga cikin shugabanninsu, Filis Manz, a kogin Limmat a 1527. Daga wannan tafarki, da na Baftis a bayansa, aka sami koyarwar shekarun sanin alhaki: yaro ya gaji karkatacciyar zuciya, amma alherin Almasihu ya rufe shi har ranar da ya rarrabe nagarta da mugunta. Sukan kafa hujja da Kubawar Shari'a 1:39, da kuma maganar Dawuda sa'ad da jaririnsa ya mutu, cewa shi ne zai tafi wurin yaron. Ba su ƙayyade shekaru ba. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai tuna da batun balaga da mukallafi, sai dai tushen ya bambanta, domin a Musulunci a kan fiɗira ake haifar yaro, ba ya bukatar a rufa masa wani gado.

Wannan rabuwa ta iso ƙasar Hausa tare da mishan. Katolika da Angilika da Lutaran suna yi wa jarirai baftisma. ECWA da Baftis kuwa sukan kawo jaririn gaban jama'a a miƙa shi ga Allah da addu'a, baftisma sai ya girma ya nema da kansa. A gari guda, wani lokaci ma a gida guda, akan sami masu bin kowanne, suna karanta sura 5 ta Romawa a cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932.