Ɗinya da Magaryar Wasagu: Me Ke Saura Bayan an Sauke Tukunya?

Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka idan baƙuwar kalma ta shigo gari nakan tsaya in binciki ma'anarta. Wadda ke tashe a bakin masu tallar kayan ƙarin lafiya ita ce "antiyoksidan", wadda ni na fi son in kira sinadarin hana tsatsa. Kamar yadda iska ke sa ƙarfe tsatsa, ko ta baƙanta doyar da aka fere, haka wani ɓangare na iskar da muke shaƙa ke yi wa ƙwayoyin jiki lahani. Bitamin C da launin ja ko shuɗi na 'ya'yan itatuwa suna cikin masu rage wannan ɓarna.

Mutumin Wasagu, a masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, ba ya bukatar zuwa kantunan Abuja neman waɗannan sinadarai. Ɗinya na nuna a ƙarshen damina, kanya da magarya su biyo baya da hunturu, ga kuma tsamiya da kuka. Garin 'ya'yan kukar da muke rainawa, a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta.

Sai dai amfanin ɗan itace ya dogara da yadda aka sarrafa shi. Bitamin C ba ya jure zafi, yana kuma narkewa a ruwa. Idan aka daɗe ana dafa ruwan ɗinya har ya zama maɗi, zaƙi ne ke ƙaruwa, bitamin kuwa yana raguwa. Magaryar da aka baza a rana kwana da kwanaki ita ma tana asara, domin haske da iska na cinye shi. Shanya a inuwa ta fi. Jan launin zoɓo kuwa tsami ne ke riƙe shi, don haka duk wadda ta zuba kanwa don kashe tsamin za ta ga launin ya dushe, alamar sinadarin ya fara lalacewa. Amma ba kullum wuta ke ɓarna ba: jan sinadarin tumatir ya fi shiga jiki idan an dafa shi da mai.

Ina kuma jan hankalin mai karatu game da alƙaluman da ake bugawa a jikin kwalabe. A 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin hana tsatsa a abinci, saboda abin da aka auna a ɗakin gwaji ba ya nuna abin da zai faru a jikin ɗan Adam, kuma 'yan kasuwa na fakewa da shi. Cin ɗan itacen yadda yake ya fi dogaro da lamba.

Abin takaici, masu gawayi na kassara itatuwan, rashin tsaro ya sa shiga dajin yankin ya zama kasada, yaranmu kuma sun koma ga lemon kwalba. Ya kamata Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ta auna abin da ke cikin waɗannan 'ya'yan itatuwa, ta koyar da matan karkara ingantacciyar shanya da Hausa da Dakarci, hukumomi kuma su hana sare su. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.