Takin Da Muke Zubarwa A Kwata

Tun daga shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya dagula kasuwar takin zamani a duniya, mai lambu a ƙasar Hausa yake sayen taki da mudu maimakon buhu. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai noman ganye, domin alayyafo da latas da kabeji da lansir amfanin gona ne masu cin sinadarin naitirojin sosai. Idan suka rasa shi, ganyen ya ɗashe, ya tsumbure, ya rasa mai taya shi a kasuwa. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci mayankun garuruwanmu da kasuwannin shanu irin na Potiskum da Maigatari da Wudil suna tara kashin dabbobi tsibi-tsibi, ruwan sama yana kwashe shi zuwa magudanai.

Ina ganin lokaci ya yi da za mu dubi fasahar bayogas da idon manomi. Yadda take aiki ba wuya. Ana dama ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai wa daida, a zuba a rufaffen rami wanda iska ba ta shiga. Ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi cikin kamar kwana 30 zuwa 50, ya fitar da iskar gas wadda fiye da rabinta mitan ce, mai kamawa da wuta. Kilo ɗaya na kashin yana ba da kimanin lita 40 ta gas. Abin da ya rage yakan fito ta ɗaya bakin ramin kamar talge, warinsa ya ragu ƙwarai. Wannan ruwan takin shi ne abin da nake magana a kai.

Gas ɗin da ya fita bai tafi da abincin shuka ba. Naitirojin da fosfaras da fotashiyam suna nan, kuma ruɓar ta mayar da kaso mai yawa na naitirojin zuwa nau'in da saiwa ke sha nan take. Takin turke da muka saba da shi yakan ɗauki watanni kafin ya saki ƙarfinsa, alhali alayyafo mako huɗu zuwa shida yake yi a fangali. Shuka mai gaggawa tana buƙatar taki mai gaggawa. Ƙari a kan haka, zaman da kashin ya yi a ramin yana kashe yawancin 'ya'yan ciyawa, ya rage ƙwayoyin cuta, sannan ya ƙara wa ƙasa laushi da riƙe damshi, abin da yuriya ba ta yi duk da naitirojin kashi 46 cikin 100 da ke cikinta.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan taki ruwa ne, don haka ɗaukarsa zuwa nesa asara ce, dole ramin ya kasance kusa da lambu. Idan aka shanya shi a rana, naitirojin ɗin ya bi iska, shi ya sa ake rufe wurin tara shi, ko a haɗa shi da kara da busasshiyar ciyawa a yi takin tari. Mafi muhimmanci kuwa shi ne lafiyar mai ci. Ruɓar tana rage ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta gama da su. Saboda haka a cuɗa takin da ƙasa kafin shuka, ko a tsarma shi da ruwa a zuba a gindi, kada a watsa a kan ganyen da ake ci ɗanye kamar latas, kuma a dakatar da shi makonni kafin yanka.

Wasu sun riga mu nisa. Indiya da Sin sun gina miliyoyin irin waɗannan ramuka a gidajen karkara. A 2009 aka fara wani shiri na bayogas a wasu ƙasashen Afirka da tallafin ƙasar Holan, ciki har da Habasha da Kenya da Burkina Faso, wadda yanayinta ya yi kama da namu. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan wannan fasaha. Ilimin yana nan, isar da shi fadama ne ya rage.

Na san kuɗin gini ya fi ƙarfin mai fangali goma, kuma shanun da ke yawon kiwo ba a iya tara kashinsu. Don haka shawarata ga ƙungiyoyin masu lambu ita ce su haɗa hannu da mahauta da masu kiwon turke, ƙananan hukumomi su ba da fili kusa da mayanka, ma'aikatun gona kuma su horar da magina da malaman gona. A Kano, masu lambun bakin Jakara sun daɗe suna ban-ruwa da gurɓataccen ruwan birni, kuma ganyen cikin tukwanenmu yake ƙarewa. Dattin mayanka da ke gangarawa cikin wannan rafi, da a rufaffen rami aka tara shi, da ya dafa abinci a gidaje, ya kuma koma lambun a matsayin taki.