KAFIN A ƊAGA MOTA A AIKA GIDA, A FARA DUBA SITIYARI

Duk shekara, da zarar damina ta kankama a ƙasar Katagum, hanyoyin ƙauyuka sai su koma na mai ƙarfi. Kogin Jama'are yakan cika ya bi fadamu, inda ruwa bai kai ba kuwa yashi ne mai cin taya har wuya. A watan Agusta na 1924 babu wanda ya yi zaton mota za ta yawaita a wannan jiha, amma a watan Agusta na 2024, shekara ɗari bayan nan, da ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, motoci ne suka yi layi. To, in kwalta ta sha wannan wuya, ina ga hanyar burji da ta jeji?

Garin Gadau yana arewa da Azare, cikin Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau ta Jihar Bauchi. Tun da aka kafa jami'ar jiha a garin cikin 2010, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, zirga-zirga ta ƙaru ƙwarai. Amma manomin shinkafa da mai gero da wake na cikin lungu har yanzu abin da ke fitar musu da amfanin gona shi ne mota mai jan taya huɗu, wadda ba ta tsoron yashi ko laka.

Wannan ne ya sa 'yan ƙasar da ke neman abinci a Kudu, ko a Agege, ko Mile 12, ko Sabo ta Badun, da yawa babban burinsu shi ne su tara kuɗi su sayi tsohuwar Hilux ko Land Cruiser su aika gida, ƙane ko ɗa ya riƙa jigila ranar kasuwa. Guzurin shekaru ke nan ake zubawa cikin mota guda.

Ɗaga mota ba sabon abu ba ne

Tun zamanin akori-kura ta Peugeot, da Land Rover wadda kamfanin Leyland ya harhaɗa a Badun a ƙarshen shekarun 1970, direbobi suka saba ƙara wa mota sifirin don ta ɗauki kaya kada gindinta ya taɓa ƙasa. Yau ma haka ake yi. Wasu su ƙara sifirin, wasu su sa dogon marataya, wasu su cusa ƙarfe a tsakani, sa'an nan a sa manyan tayoyi. Motar ta tashi tsaye kamar raƙumi, mai ita ya ji daɗi.

Abin da aka fi mantawa shi ne, masu ƙera mota sun auna sandunan sitiyari ne daidai da tsayin da suka yi mata. Da an ɗaga jikinta, akwatin sitiyari ya yi sama domin a jikin shasi yake, tayoyi kuwa suna nan a ƙasa. Sandar da ke haɗa su, wadda a da take kwance, sai ta karkace.

Illa uku ke biyo baya. Ta fari, duk sa'ad da taya ta faɗa rami, sandar nan sai ta ja tayar gefe, sitiyari ya fizge a hannun direba ba da nufinsa ba. Ta biyu, mota ta riƙa yawo a kan hanya, in an sha kwana sitiyari ya ƙi komowa da kansa. Dalilin wannan kuwa mai keke ya san shi: ƙafar gaban keke a jingine take, shi ya sa yake miƙewa sosai. Ƙafafun gaban mota ma suna da irin wannan jingina, ɗagawa kuwa takan ɓata ta. Ta uku, manyan tayoyi nauyi gare su, suna cinye kan tarod da boljoyin da wuri, su wahalar da akwati da famfon man sitiyari.

Bugu da ƙari, mota in ta yi tsawo nauyinta ya koma sama. A ɗora mata buhunan hatsi, a ɗora fasinja a kan buhunan, to sitiyari ya fizge sau ɗaya a kan gangare ya isa ta kife.

A san irin motar tukuna

Ba magani ɗaya ke yi wa kowace mota ba. Kanikawa sun kasa su gida uku.

Akwai masu sandar ƙarfe guda a gaba da sifirin mai falle-falle, watau tsofaffin Land Rover, da Hilux ta kafin 1997, da tsofaffin Land Cruiser. Akwai masu sandar ƙarfe guda amma sifirin na gaba naɗaɗɗe ne, kamar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da aka fara yi a 1999. Sai kuma waɗanda kowace ƙafar gaba ke cin gashin kanta, kamar Hilux ta 2005 zuwa sama.

Ga kashi na fari, abin nema shi ne a mai da sandar sitiyari kwance gwargwadon hali. Akwai hannun akwatin sitiyari da aka ƙera mai saukowa ƙasa musamman domin motar da aka ɗaga. Jinginar ƙafa kuwa ana gyara ta da ɗan ƙarfe mai siffar bakin gatari, wanda ake sawa tsakanin sifirin da sandar gaba.

Ga kashi na biyu, akwai wata sanda da ke gicciye, mai hana ƙafafun gaba zamewa hagu ko dama. In an ɗaga mota, sandar nan takan ja ƙafafun gefe guda. Sai a sa mai zare wadda ake iya ƙara mata tsawo, kuma lalle a ga ta yi kwanciya ɗaya da sandar sitiyari. In suka saɓa, fizga ba za ta daina ba. Ana kuma sa bushin na musamman don mai da jinginar ƙafa.

Kashi na uku su ne ba su son wasa. Ɗagawar da ta wuce kamar inci 2 takan gurɓata zaman boljoyin da na shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba, sai in an sake hannayen sama da waɗanda aka yi domin haka. Wanda ba shi da kuɗin wannan, gara ya tsaya a inci 2, ko ya bar ta yadda take ya sa mata sifirin mai ƙarfi.

Abin da za a fara saye

Mai ƙaramin ƙarfi ya bi abin daki-daki. Da fari a sake duk kan tarod da boljoyin da bushin da suka ci, domin ba a ɗora gini a kan rubabben tushe. Na biyu a gyara kwanciyar sanduna da jinginar ƙafa. Na uku, in an sa manyan tayoyi, a nemi sandunan tarod masu kauri. Kada a manta da tiyon burki, domin in ya gajarta zai tsinke sa'ad da ƙafa ta sauka. Daga nan a kai ta alaimen.

Shokozoban sitiyari shi ne na ƙarshe, ko da yake shi masu kaya suka fi tallatawa. Aikinsa rage bugun da ke zuwa hannun direba. Ba ya warkar da rawar sitiyari, ɓoye ta yake yi, kamar mai ciwon haƙori ya sha maganin barci.

Abu guda kuma da ba a yarda da shi ba ko kusa: a yanke sandar sitiyari a ƙara mata tsawo da walda, ko a gasa ta a wuta a lanƙwasa. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, ranar da zai karye kuwa ba ya sallama.

Hattara wajen ciniki

Wanda zai sayi kaya a kasuwar Ladipo ta Legas, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da bakanikensa da lambar shasin motar, domin Hilux suna da yawa kuma kayansu ba ɗaya ba ne. Kan tarod da boljoyin gara sabo mai kyau da na Beljiyam, don ba a ganin cikinsa. Araha ba ta ado.

Har wa yau a duba ko an juya wa motar sitiyari. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motocin da suka dace da hanyoyin ƙasar nan kuwa masu sitiyari a hagu ne. Wasu motocin akan shigo da su da sitiyari a dama, a juya a gareji. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kansu. Alamun walda ko sababbin ramuka a shasi, wajen mazaunin akwatin sitiyari, sun isa mai saye ya ja da baya. Juyayyen sitiyari a kan ɗagaggiyar mota haɗari biyu ke nan.

Kafin mota ta kama hanyar Arewa, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A tsai da ita a ƙasa mai tauri, mutum ɗaya ya riƙa girgiza sitiyari, wani ya durƙusa ya dubi kowace gaɓa. Inda ya ga motsi ko ya ji ƙwas-ƙwas, nan ciwon yake. Sa'an nan a ɗora mata kaya a bi gargada a hankali, a ga ko tana fizga. Bayan ta isa gida kuma, a ja wa direba kunne ya riƙa ɗura giris duk sa'ad da ya ratsa ruwa, ya kuma sake ɗaure notuna bayan makon farko.

Wanda ya aika mota gida ba ya cikinta ranar kasuwa. Amma ƙanensa ne a sitiyari, a baya kuwa akwai maƙwabta da mata masu goyo. Kuɗin gyaran sitiyari bai kai na tayoyin ado ba, kuma rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya.