Tsadar Kallon Ƙwallo: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani, Daga Tudun Wada Zuwa Old Trafford

Duk wanda ya ratsa layukan Tudun Wada a Gusau ranar Asabar bayan La'asar ya san alamar. Ga allo a jingine a ƙofar rumfar kwano, an rubuta wasannin ranar da alli. Ga janareta na ƙugi a gefe, ga mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa da canji a hannu. A ciki benci ya cika. A waje kuma wasu ne a tsaye, sun kasa kunne suna jiran ihun da zai gaya musu an ci. Waɗannan na wajen ba baƙin ƙwallo ba ne. Akwai wanda ya bi Arsenal tun zamanin Kanu Nwankwo, akwai wanda Mikel Obi ya ja shi Chelsea. Aljihu ne ya tsayar da su a ƙofa.

An fi jin kukan tsadar tikiti daga bakin Turawan Ingila, har mutum ya ɗauka matsalarsu ce su kaɗai. Alhali igiyar da ta shaƙe su ita ce ta zagayo ta kama wuyan ɗan kallo a Gusau da Tsafe da Bungudu.

Mene ne tikiti a wurin mutumin Gusau?

Jihar Zamfara tana da ƙungiyarta, Zamfara United, wadda gidanta shi ne filin wasa na tunawa da Sardauna a Gusau. Ta taɓa taka leda a babbar gasar Najeriya, amma ta faɗa rukuni na ƙasa a 2011, ta kwashe sama da shekara goma ba ta dawo ba. Yaron da aka haifa a Tudun Wada a wancan lokaci ya girma bai ga Enyimba ko Enugu Rangers sun zo garinsu neman maki a babbar gasa ba.

Mai son ganin irin wannan wasa ido da ido sai ya nufi filin Muhammadu Dikko a Katsina ko filin Sani Abacha a Kano. A irin wannan tafiya kuɗin ƙofa shi ne mafi ƙanƙanta. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya ninka shi sau da yawa, ga kuma fargabar hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda ta bi ta Tsafe, da ba wanda ke son dare ya riske shi a kanta. Saboda haka tikitin da mutumin nan yake saya mako-mako shi ne kuɗin shiga gidan kallo. Nan ne filin wasansa, benci kuma shi ne kujerarsa.

Me ya sa kuɗin gidan kallo yake ta hawa?

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa uku ne suka haɗu a kan mai gidan kallo.

Na farko kuɗin dikoda. Tsarin DStv Compact Plus, wanda ke ɗauke da Firimiya da Gasar Zakarun Turai, naira 14,250 ne a wata a farkon 2023. A watan Mayu na shekarar ya koma 16,600, a Nuwamba ya kai 19,800. A Mayun 2024 ya zama 25,000, a Maris na 2025 kuma 30,000. Cikin shekara biyu ya ninka har da ɗoriya. Gidan da ke nuna wasa biyu ko uku a lokaci guda kuwa dikoda ɗaya ba ta isarsa.

Na biyu man fetur. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000. Gidan kallo ba ya iya dogara da wutar lantarki, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wasa na iya korar masu kallo har abada. Dole janareta ya ja talabijin da fankoki daga wasan farko har na dare.

Na uku faɗuwar naira. A farkon 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta wuce 1,500. Talabijin, dikoda, waya, kayan gyaran janareta, duk da dala ake shigo da su.

Mu yi lissafi na misali. A ce ana karɓar naira 200 a kowane wasa. Sai kai 150 sun shiga kafin a fitar da kuɗin dikoda guda na wata, ba a zo kan mai da haya da ladan yaron ƙofa ba. Ta ɓangaren mai kallo kuma, wasa uku a mako ya zama 2,400 a wata. Ga ɗan kabu-kabu ko ɗalibi ko mai koyon ɗinki, wannan kuɗi ne da ake auna shi da kwanon masara. Mai gida bai yi ƙarya ba in ya ce ba riba, mai kallo ma bai yi ƙarya ba in ya ce babu.

Ina kuɗin yake tafiya?

Naira 200 ɗin da aka miƙa a ƙofa tafiya ce mai nisa a gabanta. Wani kaso ya tafi gidan mai. Wani ya tafi wa kamfanin MultiChoice, wanda tasharsa SuperSport ke sayen izinin nuna Firimiya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kuma da kuɗin waje take biya. Daga nan ya isa asusun gasar a Ingila, a raba wa ƙungiyoyi, mafi yawansa ya ƙare a albashin 'yan wasa da cinikinsu.

A 1992, da aka kafa Firimiya, an sayar da izinin nuna ta a Birtaniya kan fam miliyan 304 na shekara biyar. Yarjejeniyar da ta fara aiki a 2025 fam biliyan 6.7 ce ta shekara huɗu, ban da abin da ake samu daga sauran duniya. Wato mai kallo a Bungudu yana da hannu, komai ƙanƙantarsa, a albashin ɗan wasan da yake yi wa kirari.

Amma ja da yawa kan tsinka igiya. MultiChoice da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin 2023 da 2025.

Su Turawan, me suke kuka a kai?

A da ƙwallon Ingila wasan leburori ne da ma'aikatan masaƙu da na tashar jiragen ruwa. A tsaye suke kallo, da kuɗi kaɗan. Bayan turmutsutsin filin Hillsborough a watan Afrilun 1989, wanda ya yi sanadin rasuwar magoya bayan Liverpool 97, rahoton Alƙali Taylor na 1990 ya sa aka wajabta wa manyan filaye kujeru zalla. Tsaro ya inganta, wannan ba musu. Sai dai yawan mutanen da fili ke ɗauka ya ragu, farashi ya tashi, kuma bai sake saukowa ba.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Manchester United ta mayar da sauran tikitocin kakar fam 66, ta soke rangwamen yara da tsofaffi a kansu. A canjin lokacin wannan ya kai kusan naira 140,000, ninki biyu na mafi ƙarancin albashin Najeriya, wato 70,000. Ko a can abin ya yi wa talaka nauyi. Ranar 1 ga Disamba magoya baya suka yi zanga-zanga a ƙofar Old Trafford kafin wasansu da Everton, da kwalaye masu kira a daina ci da gumin biyayyarsu.

Me ya sa mai biyayya ne ya fi shan wuya?

Nan ne zuciyar maganar. In mai shago ya tsauwala farashin sukari, sai ka wuce shago na gaba. Amma wanda ya ƙi farashin Liverpool ba zai koma Everton ba, kamar yadda masoyin Kano Pillars mai cewa "Sai Masu Gida" ba zai wayi gari yana goyon bayan Katsina United don ƙofarsu ta fi sauƙi ba. Goyon baya gado ne, daga uba ko yaya ko unguwa ake ɗaukarsa. Masu ƙungiyoyi sun san haka, sun san so hana ganin laifi ne, kuma a kan wannan sanin suke ɗora farashi.

Akwai wani lissafin kuma. Tsohon mai goyon baya da ke zuwa kowane mako shekara talatin ba ya sayen sabuwar riga kullum. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa sau ɗaya a rayuwarsa zai biya ko nawa ne, ya kuma cika jaka da kayan ƙungiya. A takarda baƙon ya fi riba. Sai dai abin da ya jawo baƙon shi ne waƙa da ihu da cikar fili, kuma talakan gari ne ke samar da su. Haka ma kyamara: abin da take sayar wa duniya ba ƙafar ɗan wasa kaɗai ba ce, har da amon jama'a. An ga shaida a 2020, lokacin annobar korona, da aka buga wasanni a filayen da ba kowa, har gidajen talabijin suka koma sa sautin 'yan kallo na naɗe don wasan ya sauraru.

Shin kuka ya taɓa yin magani?

Ya yi, a inda aka haɗa baki. Ranar 6 ga Fabrairu, 2016, magoya bayan Liverpool kusan 10,000 suka fice daga Anfield a minti na 77 na wasansu da Sunderland, don ƙin tikitin fam 77 da aka shirya. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye, suka ba da haƙuri. A wannan shekarar aka ƙayyade tikitin magoya bayan da suka bi ƙungiyarsu wasan waje a kan fam 30 a duk Firimiya. A Yulin 2025 Birtaniya ta yi dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan ƙungiyoyi, wadda ta wajabta tuntuɓar magoya baya a kan batutuwa har da farashin tikiti.

A Jamus tun asali an toshe ƙofar. Ƙa'idar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya, ba attajiri guda ba. Shi ya sa har yau filin Borussia Dortmund yake da ɓangaren tsayuwa mai ɗaukar mutum kusan 25,000 da kuɗi mai sauƙi.

Ko FIFA ta ji jiki. Da ta fitar da farashin Kofin Duniya na 2026 a Disamban 2025, inda mafi arhar tikitin wasan ƙarshe ga masu bin ƙasashensu ya haura dala 4,000, surutu ya yi yawa har ta ware wasu tikitoci 'yan kaɗan a kan dala 60.

Filayenmu na gida fa?

Ciwonmu daban ne. Yawancin ƙungiyoyin babbar gasar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, har da Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma ta yi suna wajen cika fili. Kuɗin ƙofa a nan bai kai a kwatanta shi da na Turai ba. Matsalar ita ce yoyo. Masu hali na shiga da alfarma, talaka ne ke bin layi ya biya. Wani lokaci a buɗe ƙofa kyauta don wani babba ya samu suna. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin kanta kuwa sai ta zauna jiran baitulmali, in an yi jinkiri 'yan wasa su yi ta bin albashi. Kyauta ba ta raya ƙungiya, tsada kuma tana korar masu rayar da ita. Abin nema shi ne farashin da talaka zai iya, kowa ya biya shi, a kuma ga inda kuɗin ya shiga.

Me za a iya yi a Gusau?

Masu gidajen kallo na iya rage dogaro da fetur ta hanyar sola da batir. Kuɗin farko na da nauyi, amma adashi tsakanin masu sana'ar zai iya ɗaukarsa gida bayan gida, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suna iya ɓullo da katin wata ga masu zuwa kullum, da rangwame ga ɗalibai. Wanda ya biya wata gaba ɗaya ya ba mai gida kuɗin dikoda tun kafin a busa usur, ya cancanci sauƙi.

Su ma magoya baya, da suke da ƙungiyoyi masu shugaba da ma'aji don walimar cin kofi, su yi amfani da wannan haɗin kai su zauna da masu gidaje a yi lissafi a fili kafin kowane ƙari.

Babban nauyi kuma yana wuyan hukuma: a dawo da Zamfara United inda za a riƙa jin ɗuriyarta, a gyara mata gida, a ware ɓangaren talaka a filin da farashin da ba zai motsa da canjin dala ba. Wani kaso na naira ɗari biyun da ake miƙawa a ƙofar rumfa yana ƙarewa a Landan da Manchester. Wadda za a miƙa a ƙofar filin Sardauna a Gusau za ta kwana, a hannun ɗan wasa ɗan Tsafe ko Bungudu, da mai sayar da ruwa, da mai ɗinkin riguna.

Mutanen nan da ke tsaye a bayan kwano suna sauraron ihun wasu ba su daina son ƙwallo ba. Sun ba ta ƙuruciyarsu, sun koya wa ƙannensu sunayen 'yan wasa kafin su iya rubuta nasu. Duk mai sa farashi, daga Tudun Wada har Old Trafford, ya leƙa waje ya ƙirga su kafin ya ƙara ko sisi. Ranar da suka gaji da tsayuwa suka koma gida, ba a san wanda zai zo ya cika bencin ba.