Iska da Tukunya a Sana'ar Tsiron Hatsi a Ƙasar Minjibir

Ƙasar Minjibir ƙasa ce ta gero da dawa, gona na haɗe da gona, ba a barin saura. Inda hatsi ya wadata haka, ba tuwo da fura kaɗai ake yi da shi ba. Tun zamanin da, mata sun san yadda ake jiƙa hatsi a bar shi ya tsira, a shanya, a niƙa, a fitar da zaƙin da ke cikinsa. Daga wannan tsiro abubuwa biyu suke fitowa: kunun zaƙi, wanda har yau ake yi a gidajenmu, da kuma giya, wadda Maguzawa suke dafawa don gayya da biki da tsafi. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya cikin manyan mutanen Barbushe. Giya haramun ce a Musulunci, kuma dokar Shari'a ta 2000 ta hana ta a Jihar Kano. Na kawo zancenta ne domin ilimin da ke cikin aikin ɗaya ne da na kunu, kuma malamin makaranta zai amfana da shi.

Ga yadda tsofaffin da na zanta da su suka bayyana aikin. Ana jiƙa jar dawa ta kwana, a baza ta a inuwa, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa har kwana uku ko huɗu. In ta tsira sai a shanya, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa. Sai a bar ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace. A nan ne ake yin abin da ya fi jan hankalina. Ba a zuba ruwan tsiron a randa haka nan. Sai an rarraba shi a manyan masakai, mace ta ɗebo da ƙwarya ta ɗaga hannu sama ta sheƙo, ta yi ta maimaitawa har ya huce, kumfa ta taso. Sa'an nan a zuba guntun tsohuwar giya ko abin da ya kwanta a gindin randar da ta gabata.

In ka tambaye su dalili, cewa suke ana fifitawa ne don ya huce. Gaskiya ne, amma rabin magana ke nan. Abin da yake sa ruwan ya tashi wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, wato yis, irin wanda masu burodi suke sawa a ƙulli. Yis ya fi son ɗumi wajen digiri 30, kuma ruwa mai zafi ƙwarai kashe shi yake yi. Bugu da ƙari, tafasa tana korar iskar da ke cikin ruwa, shi kuwa yis yana bukatar iska da farko domin ya hayayyafa. Sheƙawar nan ita ce take mayar da iskar. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya bayyana tasirin iska a kan yis a 1861, amma matan karkara da hannu suka san shi.

Sun kuma san lokacin da iska take zama abokiyar gaba. Da zarar randa ta fara tsiyayar kumfa, sai a rufe da faifai, ba mai ƙara motsa ta. In iska ta ci gaba da shiga bayan an gama, wasu ƙwayoyin dabam suke samun dama, su mayar da abin ruwan tsami zalla. Shi ya sa ba ya ajiyuwa sai 'yan kwanaki.

Kunun zaƙi ma haka yake, sai dai shi ba a so ya kai ga tashi. Ana raba gasara biyu, a dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa, a fifita, sa'an nan a zuba ɗanyar da aka haɗa da tsiro ko busasshen dankali. In aka zuba da zafin tafasa, sinadarin da ke cikin tsiron, wanda yake narkar da gasara ta koma zaƙi, ya mutu, kunu ya fito da kauri ba zaƙi, sai a ɗora wa sukari aikin. In kuwa aka bar kunu ya daɗe cikin zafi, zai fara kumfa da wari, ya kama hanyar zama abin da aka hana.

Game da kayan aiki, a ganina nan ne muka fi yin asara. Sabuwar tukunya ba a fara aiki da ita sai an tafasa ƙasari ko ruwan dusa a ciki, ya toshe ƙananan ƙofofin yumɓu. Randar giya dabam take, ba a wanke ta da sabulu, domin yis yana maƙale a jikinta, shi ne irin gobe. Mai kunu kuwa akasin haka take so, don haka take cuɗa tata da toka da soso, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta kife a rana. Ƙwaryar da ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, amma ta tashi daga aikin kunu ta koma awon hatsi, saboda tsami yana ɓuya a ɗinkin.

Yanzu roba ta maye gurbin ƙwarya. Roba ba laifi ba ce in sabuwa ce, amma in ta ƙarje, ƙazanta tana zama a ƙarjin yadda soso ba ya kaiwa. Tsami yana cin tukunyar alminiyam, gangar ƙarfe kuma tana tsatsa. Mafi muni shi ne jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki, domin wanki ba ya tabbatar da dafin ya fita. Malaman da ake sayar da kunu a ƙofar makarantunsu su riƙa duba gorunan da ake ɗura wa yara: daga ina aka tsinto su, da wane ruwa aka wanke, kuma yaushe aka dama kunun.