Kayan ɗaki na hannu a intanet: ina dillaliya ta shiga?

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi ta yi ta hawa har ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kamar yadda hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana. Daga nan tallan gadaje da kujeru da katifu na hannu ya cika Facebook da Instagram da WhatsApp. Masu sharhi kuwa sai salati suke yi, wai talauci ya kai mutane ga tallata asirin ɗakinsu. Talaucin gaskiya ne, amma sun yi wa lamarin gurguwar fahimta, domin sayar da kayan ɗaki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa.

Yadda cinikin yake ba shi da wuyar bayani. Mai kaya ya ɗauki hoto ya ɗora, ko a shafinsa ko a dandali irin su Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya kuma saye harkar OLX ta Najeriya a 2019. Mai so ya kira, a yi ciniki, ya tura kuɗi, a ɗora kaya a kan a-kori-kura.

Abin da ba a magana a kai shi ne macen da wayar ta ture gefe, wato dillaliya. Iyayenmu mata ba su ɗauki jere a matsayin ado kawai ba. Tasoshi da langa da kwalla da aka jera har saman bango, da gado mai rumfa, dukiyar mace ce ta kanta, ita ke da ikon sayarwa ranar da biki ko jinya ya taso. Tun da tana cikin kulle, sai dillaliya ta shigo, ta ƙunshe kayan a zani, ta kai wani gida, ta ɗauki la'adarta. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 kan wannan ɓoyayyen cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu, wanda masu lissafin tattalin arziki ba sa gani.

Dillaliya ta san gidan da kaya ya fito, ta san dalilin sayarwa, kuma ba za ta faɗa ba, domin rufin asiri na cikin aikinta. In ƙafar gado ta karye bayan kwana biyu, an san ƙofar gidanta. Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da bayyana cewa wanda aka ɓoye wa aibin haja yana da damar mayar da ita. To, a cinikin intanet wa za ka mayar wa kujera alhali lambar wayar mai kayan a kashe take?

Don haka aikin dillaliya ya dawo kan mai saye. Kada ka ba da kafin alƙalami sai ka ga kaya ido da ido, da rana, tare da kafinta in da hali. Kifa kujerar, ka haska fitilar waya cikin ɗinkin yadi da mahaɗar katako. Ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce, ƙwaron da kan yi watanni bai sha jini ba kuma bai mutu ba. Garin katako a ƙarƙashin gado na nufin ƙwaro na ci daga ciki. Katakon MDF da ya sha ruwa kumbura yake yi daga gindi, fenti ba ya gyara shi. Kuma kada ka ce ai piya-piya za ta yi magani. Hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin ƙwari irinta, Sniper, a ƙananan kwalabe tun 2019 saboda rayukan da ya ci. Mai sayarwa shi ma ya duba asusunsa kafin mota ta tashi, don alat na bogi ya yi yawa.

Ga hukumar FCCPC da sauran hukumomin kare haƙƙin masu saye na jihohi nan. Me zai hana su yi wa masu wannan sana'a rajista, yadda wanda aka cuta zai san inda zai kai kuka?

Ku kuma iyayen amare, ku daina cin bashi don gudun a ce gadon ɗiyarku na hannu ne. Gadon katako mai ƙwari da aka duba da kyau ya fi sabon kwali mai ƙyalli. Ku je ku gani da idonku, ku tambayi asalin kaya, sannan ku biya.